Ranar da Nadine Ta Ɗaure Mijinta

Harlan Plemmons bai taɓa ɓata a daji ba. Ya yi shekarunsa na ƙarfi yana saran katako a duwatsun yammacin jihar Carolina ta Arewa a Amurka, da jiki ya fara ja baya ya koma gyaran injin yanka itace a rumfar bayan gidansa, kuma har a lokacin, in mafarauci ya yi ɓatan kai, ƙofarsa ake fara bugawa. Shi ya sa ranar da matarsa Nadine ta same shi tsaye a tsakiyar kantin da suke sayayya tun suna sabon aure, riƙe da robar madara, yana tambayar wata yarinya ta ina ake fita, ba ta jira likita ya gaya mata ba. Likitan dai ya faɗa daga baya. Ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓawa.

Ta kuwa lallaɓa. Ta ɓoye makullin a-kori-kurarsa a cikin gwangwanin fulawa, ta kai bindigoginsa gidan maƙwabci, ta koyi amsa tambaya ɗaya sau goma ba tare da muryarta ta canza ba. 'Yarsu Twila, wadda ke aikin jinya a birnin Charlotte, kullum ta bugo waya zancenta ɗaya ne.

"Mama, ba za ki iya ke kaɗai ba. Akwai gidajen da aka yi domin masu irin ciwonsa."

"In na gaza zan gaya miki."

"Ba za ki gaya min ba. Na san ki."

Da kaka ta shigo, ganyaye suka rine ja da rawaya a kan duwatsu, sai Harlan ya tsiri zancen Magangarar Tolliver. Ruwa ne da ke faɗowa daga kan wani dogon dutse can cikin daji, tafiyar rabin yini a ƙafa daga inda titi ya ƙare, kuma a da kaka ba ta wucewa ba su je ba. Da safe zancen ke nan, da yamma zancen ke nan. Wata rana ta iske shi a baranda ya ɗaura takalman dajinsa, ya goya tsohuwar jakarsa, yana zaune yana jira kamar mai jiran mota.

Sai ga wata safiya ya tashi garau. Shi ya dafa kofi, bai zuba gishiri a madadin sukari ba. Ya tambayi lafiyar Twila da sunan mijinta. Ya dube ta da idanunsa na da, masu tsokana.

"Deenie, yau fa rana ce mai kyau. Ko ƙafafun tsohuwa sun gaza ne?"

"Wa kake kira tsohuwa? Kai da haƙoranka ke kwana a kofi?"

"Haƙora ba sa hawan dutse. Tashi ki shafa mana man gyaɗa a burodi."

Ta daɗe ba ta ji ya kira ta Deenie ba. Wannan sunan ne ya karya ta. Ta zaro makulli daga cikin fulawa, ta karkaɗe, ta haɗa burodi da tuffa, ta cika fulas da kofi. Ba ta gaya wa Twila ba, don ta san amsar da za ta samu. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ita ta tuƙa, yana gefe yana yi mata gyara a kowace kwana. Inda titin tsakuwa ya ƙare babu mota ko ɗaya, don ranar aiki ce. Suka kama hanyar ƙafa, shi a gaba, ita a baya.

Dajin ya karɓe su da sanyinsa da ƙanshin ruɓaɓɓen ganye. Ruwan da aka yi shekaranjiya bai gama tsanewa ba, saiwoyi sun yi santsi, gansakuka ta lulluɓe kowane dutse. Nan da can manyan itatuwan da ƙwari suka kashe suna tsaye fari fat, ba ganye ba ɓawo. Harlan yana tafe yana magana kamar an kunna shi. Ya nuna mata inda beyar ta yagi jikin wani itace, ya ce yagar ta bara ce, kar ta damu. Ya nuna mata kututturen da ya ce shi da yayansa Vernon suka sare uwarsa. Bayansa ya miƙe, takunsa ya yi ƙarfi. Nadine tana kallon ƙeyarsa tana cewa a ranta, da Twila za ta ga wannan, da ta yi shiru.

Rana ta kusa tsakiya suka iso inda hanya ta rabu. Wadda kowa ke bi tana gangarawa hagu zuwa gindin ruwan, inda tafkin yake, an ma shafa wa itatuwanta shuɗin fenti. Harlan ya karkata dama, ya nufi wani ɗan sawu da ciyawa ta kusa cinyewa.

"Harlan, ga fenti ta nan."

"Fenti na baƙi ne. Wannan ce hanyar masu katako, ta fi kusa."

"Ni ban taɓa binta ba."

"Ni na bi ta kafin a haifi mai fentin. Taho."

Ta tsaya jim. Shekara biyu ke nan tana ce masa a'a: a'a ba za ka tuƙa ba, a'a ajiye wuƙar nan, a'a ba yau ce Lahadi ba. Ta dubi fuskarsa, ta ga yadda take haske, ta kasa ƙara wata a'ar. Ta bi shi.

Sawun bai yi nisa ba ya narke cikin sarƙaƙiyar wani tsiro da ake kira lorel, irin wadda rassanta ke murɗewa su saƙe har rana ba ta ratsawa. Suka koma sunkuyo, wani wurin rarrafe. Surutun Harlan ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Can ya tsaya cak, ya waiwayo, ya dube ta sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, ba ki ga Vernon ba? Yanzun nan yake gabana."

Vernon ya rasu tun Twila tana goye. Nadine ta saita murya yadda ta saba.

"Ya yi gaba. Ya ce mu koma mota mu jira shi."

"A'a, yana wurin ruwa. Ba ki ji ba?"

Ta kasa kunne, ta kuwa ji rugugin ruwa can ƙasa-ƙasa. Kafin ta kama hannunsa ya kutsa. Ta bi shi tana kira, rassa suna marin fuskarta, har sarƙaƙiyar ta buɗe ba zato, haske ya dalle mata ido.

A saman magangarar suka ɓullo. Rafin yana gudu a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse mai gangare, sumul kamar an goge shi, sannan ya kai baki ya ɓace. Daga nan ba a ganin faɗuwarsa, sai farin tururi da ke tasowa da kawunan itatuwa can ƙasa, ƙanana kamar shukar lambu. Duk ɗan kwarin nan ya san ba a taka wannan dutse. Harlan da bakinsa ya sha gaya wa matasa haka.

Ya taka.

"Harlan!"

Ya juyo don ya amsa, ƙafafunsa suka kwashe. Ya faɗi da baya, dutsen ya fara jansa zuwa baki, a hankali da farko, yana ta lalube ba abin kamawa. Sai ƙafarsa ta dama ta faɗa cikin wata tsaga ta maƙale, jikinsa ya wuce ya bar ta. Duk da ƙarar ruwan, Nadine ta ji ƙas ɗin ƙashin. Ihunsa ya biyo baya.

Ba ta san yadda ta isa gare shi ba. Da ciki ta ja, ruwan sanyi yana shiga rigarta. Ta kwance masa takalmin, ta zaro ƙafar daga tsagar, ya suma a hannunta, wanda hakan ma rahama ce. Ta saƙala hannuwanta a hammatarsa ta dinga ja. Harlan ƙato ne, ita kuwa mace ce 'yar firit da ta haura sittin da biyar. Ta ja ta huta, ta ja ta huta, har ta fitar da shi daga kan dutsen zuwa gindin itace na farko da ta samu. Nan ƙarfinta ya ƙare. Daga itacen zuwa bakin dutsen bai fi tsawon ɗaki biyu ba, kuma ƙasar duk gangare ce.

Ƙwaurinsa ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Ta samo sanduna biyu ta ɗaure da gyalen wuyanta yadda ta taɓa gani an yi. Ta ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Ta ƙwala kira har muryarta ta dushe, ruwa ya haɗiye. Ko da akwai mutane a gindin magangarar ba za su ji ba, ballantana ba kowa. Tufafinsa sun jiƙe sharkaf, ya farfaɗo yana kakkarwa, leɓɓansa sun fara canza launi. Ta san daren kaka a kan dutsen nan. Mutum jiƙaƙƙe ba ya ganin safiyarsa.

Ta cire rigar sanyinta ta lulluɓa masa, ta ba shi kofi mai zafi, ta riƙe fuskarsa da hannu biyu.

"Harlan, ka ji ni da kyau. Ƙafarka ta karye. Zan hau tudu in kira taimako. Kar ka motsa daga nan."

"Na ji. Ai ba kurma ba ne ni."

"Maimaita min."

"Ƙafata ta karye, kar in motsa. Ke dai Allah ya yi ki da mita."

Ta tafi. Ba ta kai bakin sarƙaƙiyar ba ta ji ihu. Ta juyo ta gan shi kife a ƙasa. Ya manta, ya miƙe a kan karyayyar ƙafar, ta zubar da shi. Yanzu kuma yana jan jiki da gwiwar hannu, ya nufi ruwan.

Ta rugo ta danne shi da jikinta.

"Ina za ka? Ina za ka, don Allah?"

"Gida. Hanya ta can take. Sake ni!"

Ta sake jansa zuwa gindin itacen, yana zaginta, yana kai mata duka. Da ta jingine shi sai ta zube a gefensa ta fashe da kuka, irin kukan da ta yi shekara biyu tana haɗiyewa. In ta zauna su mutu tare, in ta tafi ya faɗa magangarar. Abin da ke gabanta ke nan.

Ta ji hannu a kanta.

"Deenie."

Ta ɗago. Shi ne. Idanunsa sun dawo, cike da azaba amma nasa ne. Ya dubi ƙafarsa, ya dubi sawun da jikinsa ya bari a ƙasa zuwa wajen ruwan, ya daɗe yana kallo.

"Ni na yi wancan?"

Ta gyaɗa kai.

"Kuma zan sake."



"Akwai igiya a jakata," ya ce. "Ciro ta."

"Harlan, ba zan iya ba."

"Za ki iya. Yi sauri tun ina nan. Ki zagayo ta ƙirjina, ta ƙarƙashin hammata, sau uku. Ƙullin ya kasance a bayan itacen, inda hannuna ba ya kaiwa. Wuƙata tana aljihun dama, ɗauke ta."

Ta ciro igiyar. Ta yi yadda ya ce. Yana jingine yana ba ta umarni kamar yana koya wa sabon ɗan aiki, ta nan za ki zura, ki mayar ta ƙasa, ki ja. Da ta gama ya turo ƙirjinsa gaba ya gwada.

"Sako-sako ne. Ja da ƙarfi, ba ɗan maraƙi kike ɗaurewa ba."

Ta sa ƙafa ta dafe itacen ta ja har ya yi nishi.

"Yawwa. Yanzu ki bi rafin nan sama, kar ki koma ta sarƙaƙiya. Zai kai ki tsohuwar hanyar katako, ita za ta hau da ke kan tudu." Ya numfasa. "Deenie, in na yi ihu kar ki juyo. In na zage ki, ba ni ba ne. Kin ji?"

Ta ajiye fulas da burodi a cinyarsa, ta gyara masa rigar, ta sumbaci goshinsa mai sanyi. Ya ce ta tafi mana, tana ɓata rana.

Ta kama gefen rafin. Da farko ba ta jin komai sai ruwa. Sai kiran ya zo.

"Nadine?"

Kira ne na tambaya, irin wanda yake yi in ya farka bai gan ta a ɗaki ba. Ta ci gaba da tafiya.

"Nadine! Nadine, zo! Wani ya ɗaure ni!"

Ƙafafunta suka tsaya da kansu. Ta kama wani reshe ta riƙe gam har ɓawonsa ya shige mata tafi. Ta ce a ranta, ya ce kar in juyo. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar. Kiran ya koma ashar, irin wanda ba ta taɓa ji a bakinsa ba tun da ta san shi. Ashar ya koma kuka. Abu na ƙarshe da ta ji kafin kwanar rafin ta raba su shi ne muryar tsoho yana kiran mahaifiyarsa.

Hawan ya ci ta. Ta faɗi ta fasa gwiwa, ta tashi. Rigarta jiƙaƙƙiya ta manne mata, iska tana ratsa ta. Inda rafin ya matse tsakanin duwatsu ta shiga cikinsa ta taka. Ba ta yi addu'a mai tsari ba, "Ya Ubangiji" kawai take ta maimaitawa da kowane numfashi. Ta samu hanyar katakon a inda ya ce, ta bi ta sama, tana ɗaga waya kowane ɗan lokaci, har a kan tudun wayar ta kama. Ta buga lambar gaggawa. Matar da ta ɗauka ta yi ta ce mata ta yi a hankali, ba ta gane abin da take faɗa.

'Yan ceto na kwarin nan duk 'yan sa-kai ne, sai an kira su baro aikinsu. Suka hau ta hanyar katakon da ƙananan motocin daji har inda za su iya, suka same ta zaune a kan dutse tana kaɗuwa. Shugabansu Dewey Ledford ne, mai kantin abincin dabbobi, cocinsu ɗaya da Nadine. Ya yafa mata bargo.

"Nadine, za a kai ki ƙasa ki ji ɗumi. Mu za mu ɗauko shi."

"Da ni za ku."

"Dubi gwiwarki."

"Dewey Ledford, ko ku tafi da ni, ko in bi ku a baya ku samu mutum biyu na ɗauka."

Dewey ya dubi mutanensa, ya ɗaga kafaɗa. A hanya ta gaya masa zancen igiyar. Ya ce, "Da ni ne ma abin da zan yi ke nan."

Rana ta faɗa bayan dutse lokacin da suka sha kwanar rafin. Nadine ta kasa kunne. Ba ihu, ba kuka, ruwa kaɗai.  Ta ture na gabanta ta leƙa.

Yana nan a gindin itacen. Kansa ya rataye a ƙirji. Ya yi jifa da fulas, ya yi fatali da rigar da ta lulluɓa masa. Ƙasar da ke gabansa duk ya tone ta da dugadugin ƙafarsa mai lafiya. Igiyar ta ci rigarsa ta shiga fata, jini ya bushe a kanta, faratansa sun kakkarye wajen yaƙi da ita. Ya ɓata wandonsa.

Dewey ya durƙusa ya taɓa wuyansa.

"Yana da rai."

Nadine ta dafe baki. Dewey ya yanke igiyar, Harlan ya buɗe ido, ya cafke hannun Dewey da hannu biyu.

"Ɗan'uwa, Allah ne ya kawo ka," ya ce, muryar ta shaƙe kamar ana goga ƙarfe. "Wata mata ce. Ta ɗaure ni, ta ƙwace min wuƙa, ta bar ni in mutu."

"To, ya wuce, Harlan. Ga mu mun zo."

Nadine ta matso, ta durƙusa, ta miƙa hannu za ta taɓa fuskarsa.

"Harlan, ga ni. Na dawo."

Ya dube ta. Idanunsa suka firfito. Wannan ƙaton mutum da ya yi rayuwarsa yana kayar da itatuwa ya dunƙule, ya kare kansa da hannuwa, ya ɓuya a jikin Dewey.

"Ga ta nan! Ita ce! Kar ka bar ta ta taɓa ni!"

"Haba Harlan," in ji Dewey. "Matarka ce fa. Nadine ce."

"Ƙarya ne." Yana kuka yana girgiza kai. "Nadine ba za ta yi min haka ba."

Ba wanda ya iya ɗaga ido a cikin mutanen nan. Suka naɗe shi da barguna, suka ɗora shi a gadon ɗauka, suka kama hanya. Duk lokacin da ya hango ta sai ya fara fizge-fizge har gadon ya nemi kuɓuce musu a kan duwatsu. A ƙarshe Dewey ya dawo baya, hularsa a hannu, ya roƙe ta ta ɗan ja nesa. Haka ta bi su har mota, can baya inda ba zai gan ta ba, da guntun igiyar a hannunta, don ta rasa inda za ta yar.

A asibiti wata ma'aikaciya ta ga shatin igiya a ƙirjinsa, ta ji abin da yake faɗa, ta kira Nadine wani ɗaki ta yi mata tambayoyi cikin ladabi mai sanyi. Sai da Dewey ya shiga ya yi bayani aka ƙyale ta. Twila ta iso da jajayen idanu, ta shiga wurin mahaifinta ta fito, ta tsaya a kan uwarta.

"Zancen igiyar na gane shi, Mama. Abin da ban gane ba shi ne me ya kai ku can."

"Ya roƙe ni."

"Yana roƙon makullin mota ma kullum. Kin ba shi?"

Nadine ta buɗe baki za ta gaya mata yadda ya dafa kofi, yadda bayansa ya miƙe a hanya, sai ta ga ba abin da zai auna a sikelin Twila, kuma ba ta tabbata ya auna a nata ba. 

An yi masa aiki a ƙafar, ƙashi ya haɗe, amma maganin barcin da aka ba shi ya tafi da sauran abin da ya rage. Bai sake komawa gida ba. Aka kai shi gidan kula da tsofaffi da ke bakin gari. Likita ya ce wa Nadine ta yi haƙuri, mai wannan ciwo ba ya riƙe abu, kwana kaɗan zai manta.

Ya kuwa manta. Ya manta magangarar, ya manta faɗuwar, yakan tambayi wa ya ba shi sandar dogarawa. Igiyar ma ya daina ambata. Amma da Nadine ta sako kai ɗakin, jikinsa sai ya ɗauki rawa, ya manne da bango, ya yi ta kiran a zo a fitar da matar nan. Ta gwada canza tufafi. Ta gwada rina gashinta ya koma launinsa na da. Ta gwada shigowa da Twila, ta gwada shigowa tana rera waƙar coci da yake so. Ranar da ya faɗo daga gado wajen gudunta, shugabar masu jinya ta kira ta gefe ta ce, don lafiyarsa, gara ta dakata.

Ba ta daina zuwa ba. Kullum da hantsi takan zo da abin da ta dafa, wake da burodin masara, ko tuffa da ta gasa da kirfa, ta miƙa wa wata mai jinya da ake kira Rosalind, ta zauna a kujerar da ke baranda daf da ƙofarsa, inda take jin komai ba a ganinta. Takan ji ƙarar cokali. Takan ji shi yana santi.

"Wannan kamar girkin matata," ya ce wata rana. "Kin san ta? Nadine. 'Yar ƙarama haka, sai baki."

"Na san ta," in ji Rosalind. "Mutuniyar kirki ce."

"To me ya hana ta zuwa? Kullum ina jira. Ko na yi mata wani laifi ne?"

"Ba ka yi mata komai ba. Buɗe bakin."

Rosalind ta fito da kwanon, ta tarar da kujerar ba kowa. Ta hango Nadine a filin ajiye motoci, zaune cikin a-kori-kura, ta kifa kai a kan sitiyari. Washegari da hantsi Nadine ta dawo da wani kwanon.

Haka aka ci hunturu, aka ci bazara, wani hunturun ya kama. Twila ta sauko daga fushinta a hankali, ba tare da an yi zancen ba. Ta dai fara zuwa ƙarshen mako tana kwana a gida. Cikin sanyin nan Harlan ya kamu da ciwon huhu, ya daina ci, sannan ya daina buɗe ido. Rosalind ta fito baranda ta ce, "Shigo, Nadine. Yanzu ba zai gan ki ba."

Ta shiga a hankali, ta tsaya daga bakin ƙofa tukuna. Ya rame har ta kusa kasa gane shi, gemu ya cika masa fuska, shi da bai taɓa yarda ya kwana biyu ba aski ba. Ta aiki Twila ta samo ruwan ɗumi da sabulu da reza. Twila ta riƙe kwanon, ita kuma ta zauna a bakin gadon ta yi masa aski, tana tallafe da haɓarsa, tana bi a hankali ta gefen kunne. Bai motsa ba. Da ta gama ta goge masa fuska, ta ja kujera kusa, ta zauna. A nan take zaune har ya cika, ranar Alhamis da rana tsaka.